Bin Sawun Ruwa a Jikin Tirelar Zango

Tirelar zangon da nake magana a kanta ƙaramin ɗaki ne mai ƙafa biyu da ake ɗaurawa a bayan mota a ja, kuma a cikinsa akwai gado, da murhun gas, da ƙaramin firji, da tankin ruwa mai famfo, da fitilun da ke aiki da batir mai bolt 12. Ta hannu na saya, tana da kusan shekara goma da ƙerawa, kuma ranar da na je dubawa ban ga abin da ya ɗaga mini hankali ba, domin fentinta yana sheƙi, katifunta ba su yage ba, duk abin da na kunna kuma ya kama. Abu biyu ne ban yi ba a wannan rana, wato ban hau rufin ba, ban kuma bi daɓen lungu-lungu ina dannawa da dunduniya ba. Bayan wata huɗu, da aka jera kwanaki ana ruwan sama, na buɗe ƙofar sai warin fumfuna ya tarbe ni, da na sa ƙafa a bakin ƙofa kuma sai na ji daɓen ya ɗan lotsa kamar an taka tabarma a kan rairayi.

Farkon abin da na yi kuskure ne, kuma ina ambatonsa ne saboda shi ne kuskuren da mafi yawan masu tirela suke yi. Na dubi wurin da ya jiƙe, na ɗaga kai na ga taga a kusa da shi, sai na yanke hukunci cewa tagar ce ke yoyo, na sayo silikon na zagaye ta da shi ciki da waje. Ruwa na gaba da aka yi, daɓen ya sake jiƙewa yadda ya saba, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Ban samu komai ba sai ƙarin aiki, domin silikon idan ya bushe babu wani abin liƙi da yake kamawa a kansa, har da sabon silikon ɗin kansa, saboda haka sai da na ɓata yini guda ina kankare abin da na shafa da hannuna.

Daga nan na daina zato na koma awo. Tambayar farko da ya kamata a amsa ita ce ko ruwan na sama ne ko kuwa na cikin tirelar ne, domin tiyon famfo yana bi ta ƙarƙashin kabad ɗin da ke kusa da ƙofar. Famfon irin waɗannan tireloli, wato ƙaramin injin lantarki da ke turo ruwa daga tanki, yana da hali guda mai amfani: yana tashi da kansa idan matsin ruwa ya ragu a cikin tiyo, ya kuma tsaya idan matsin ya cika, don haka idan aka rufe dukkan bakunan ruwa aka ji yana tashi jefi-jefi ba wanda ya taɓa shi, to ruwa yana sulalewa a wani wuri, ko kuma bawul ɗin cikinsa yana barin ruwa ya koma tanki. Na bar nawa a kunne dare guda bai motsa ba. Duk da haka na zubar da ruwan tankin gaba ɗaya na jira ruwan sama, kuma danshin ya dawo tankin yana wayam. Wannan ya wanke famfon.

Sai na sayi ƙaramar na'urar auna danshin katako, mai allura biyu da ake ɗan caka wa a jikin itace ta nuna kashi nawa ne ruwa a cikinsa. Busasshen katakon cikin ɗaki yakan nuna ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, kuma itacen da ya daɗe sama da kashi 20 shi ne wanda ruɓa ke samun damar kamawa. Na zana hoton tirelar a takarda, na bi bango da silin da daɓe taƙi-taƙi ina rubuta abin da na'urar ta nuna. A ƙarƙashin tagar da na zarga, awon 13 ne kawai. A bakin ƙofa ya haura 30, ya ci gaba da zama sama a tsaye tare da ƙafar ƙofar har zuwa silin, daga can kuma layin danshin ya karkata ya nufi tsakiyar rufi. Takardar nan ita ce ta fara nuna mini hanyar da ruwan yake bi, kuma da ban yi ta ba da na ci gaba da liƙe-liƙe a wuraren da ba su da laifi.

Don in tabbatar, na cire falankin bangon da ke gefen ƙofa, na sa ƙanena ya zauna a ciki da tocila, ni kuma na tsaya a waje da tiyon ruwa. Ƙa'idar wannan gwaji ita ce a fara daga ƙasa a yi sama, domin idan aka fara da rufi ruwan zai gangaro ya jiƙa komai, ba za a san ta ina ya shiga ba. Ba a kuma matse bakin tiyon don ruwan ya yi ƙarfi, ana barinsa ne ya kwarara a hankali kamar ruwan sama, a ba kowane wuri minti biyar zuwa goma kafin a matsa. Na jiƙa gindin ƙofar, na jiƙa gefenta, na jiƙa samanta, na jiƙa dogon ƙarfen da ya haɗa rufi da bango, ƙanena yana cewa bai ga komai ba. Da na kai tagar rufi, wadda ake ɗagawa don iska ta fita, na bar ruwan yana zuba kusan minti takwas, har na fara shirin matsawa, sai na ji ya ce, "Yaya, tsaya nan, ga shi yana gangarowa." Ruwan yana shiga ta gindin tagar rufin ne, ya bi sandar katakon da ke riƙe da silin, ya yi tafiyar kusan mita ɗaya da rabi zuwa bango saboda wurin da nake ajiye tirelar ya ɗan karkata ta gefen ƙofa, sannan ya sauko ta cikin bangon ya taru a daɓe. A silin ɗin kuwa babu ko tabo, domin fuskar falankin tana da leda da ke hana ruwa ɓullowa.

Da na hau rufin, bayan na shimfiɗa faffaɗan katako don nauyina ya bazu kada alminiyum ɗin ya lotsa, sai na ga abin da ya kamata in gani tun ranar saye. Abin liƙin da ke zagaye da tagar ya bushe ya tsattsage, wani ya taɓa shafa silikon a kan tsagar, shi ma ya ɗago kamar ɓawo, ruwa yana kwanciya a ƙarƙashinsa. Tsagar ba ta fi kaurin farce ba, amma dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da na kwance sukurorin, huɗu daga cikinsu sun fito da tsatsa har gindi, biyu kuma suna juyawa ba sa kama komai. Tun daga ranar na riƙi wannan a matsayin gwaji mai sauƙi: duk inda nake shakka a jikin tirelar nakan kwance sukuru ɗaya in duba, idan ya fito fes na mayar da shi, idan ya fito ja na san ruwa ya riga ni isa wurin.

Gyaran rufin kansa ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. Na ɗage tagar gaba ɗaya, na kankare tsohon liƙin da abin kankara na roba don kada in karce alminiyum, na goge wurin da sifirit har ƙyallen ya daina ɗaukar datti. Wanda rufin tirelarsa na roba ne ya kiyayi goge shi da fetur ko kananzir, domin suna kumbura robar su lalata ta. Sandar katakon da sukurorin suke kamawa ta ruɓe ta gefe ɗaya, don haka na yanke ta na sa sabuwa, tunda babu amfanin sabon sukuru a cikin ruɓaɓɓen itace. Sannan na shimfiɗa tef ɗin butil a ƙarƙashin bakin tagar, wato wani baƙin liƙi mai danƙo wanda ba ya bushewa ya ƙage, na zaunar da tagar a kai, na ɗaure sukurorin a hankali ɗaya bayan ɗaya har butil ɗin ya ɗan fito ta gefe, na yanke rarar. A kan kawunan sukurorin da gefen tagar na zuba abin liƙi mai ruwa-ruwa wanda yake bajewa da kansa, irin wanda aka yi don shimfiɗaɗɗen wuri. Na jikin bango dabam ne, mai kauri ne wanda ba ya zuba. A ganina ainihin abin da ke tare ruwa shi ne butil ɗin da ke matse a ƙasa, na sama kariya ce ta biyu, kuma shi ya sa shafe-shafen da ake yi daga waje ba tare da an ɗage tagar ba ba ya daɗewa.

Daɓen ne ya ci lokaci. Na ɗage ledar, na riƙa caka sukuddireba daga tsakiyar ruɓar ina yin waje har inda ta daina nutsewa, na ƙara taƙi guda bayan nan, sannan na yanka a miƙe yadda gefen zai sauka a kan ƙarafan da ke gicciye a ƙarƙashin tirelar. A gefen da babu ƙarfe na ɗaura sandar katako ta ƙasa don sabon falankin ya samu abin zama. Na bar bangon da daɓen a buɗe da fanka tana hurawa har mako uku, ina awo duk bayan kwana biyu, ban rufe ba sai da kowane wuri ya sauko ƙasa da 15. Wannan jiran ya fi komai wuya a raina, domin tirelar tana tsaye a wargaje, amma wanda ya rufe jiƙaƙƙen itace ya kulle ruɓar ne a ciki ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Sabon falankin na zaɓi irin wanda gam ɗinsa ke jure ruwa, mai kauri daidai da tsohon, na shafe gefunansa huɗu da fenti mai hana ruwa kafin in ɗaure shi, saboda ta gefe ne falanki ya fi shan ruwa.

A lokacin wannan aikin na tarar da wata ƙaramar ƙofa mai raga a daɓen, a ƙarƙashin murhu, har na yi niyyar toshe ta don ina ganin hanyar ruwa ce. Allah ya sa na yi tambaya kafin in taɓa ta. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, idan ta sulale ƙasa take kwanciya, kuma wannan ramin an yi shi ne don ta samu hanyar zubewa waje. Wannan ya sa na duba bututun gas ɗin gaba ɗaya: na kaɗa ruwan sabulu na shafa a kowace mahaɗa tukunyar tana buɗe, murhun yana rufe, sai kumfa ta riƙa tashi a hankali a inda tiyo ya haɗu da abin rage matsin gas, tiyon kansa kuma ya yi ƙananan tsage-tsage idan aka lanƙwasa shi. A nan na tsaya, na rufe tukunyar, na kai wa ƙwararren mai aikin gas ya canza tiyon da abin rage matsin ya kuma gwada layin da ma'auninsa. Wannan ɓangare ne da ba na ganin ya dace mai koyo ya gwada hannunsa a kai. Abin da na ƙara da kaina shi ne na'urar ƙararrawa mai jin iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma nakan kula harshen wutar murhun ya kasance shuɗi, domin rawaya mai hayaƙi alama ce ta cewa gas ɗin ba ya ƙonewa sosai.

Matsalar wutar lantarki ta biyo baya, kuma ta sake koya mini abin da ruwan ya koya mini. Idan na kunna fitilun dare na taka birki, danjar tirelar sai ta dushe maimakon ta ƙara haske, idan na ba da sigina ta hagu kuwa sai ta dama ma ta riƙa ƙiftawa a raunane. Wata rana kuma komai ya yi aiki daidai kamar ba abin da ya faru. Na canza ƙwayayen fitilun, ba abin da ya sauya. Abin da ke faruwa shi ne, wutar da ta shiga kowace fitila dole ta samu hanyar komawa batir, kuma a tirela hanyar komawar ta jikin ƙarfen gindinta ce da waya guda da ke haɗa shi da mota. Idan wannan hanya ta toshe, wutar sai ta nemi wata, ta ratsa ta cikin sauran fitilun, musamman da yake ƙwan danja yana da zare biyu a cikinsa, ɗaya mai wat 21 na birki, ɗaya mai wat 5 na dare, suna kuma tarayya a gindi ɗaya. Gwajin da ya warware mini zancen bai ɗauki minti biyar ba: na ɗauko doguwar waya na haɗa negetib ɗin batirin mota da ƙarfen tirelar kai tsaye, nan take fitilun suka dawo hayyacinsu. Da na bi wayar komawar sai na same ta ɗaure a wuyan tirelar da sukurun da tsatsa ta cinye. Dalilin da ya sa matsalar ke zuwa tana tafiya shi ne ƙwallon ƙarfen da ake ɗaura tirelar a kai yakan zama hanyar komawa ta wucin gadi, idan ya gogu da kyau wuta ta wuce, idan giris ko ƙura ta shiga tsakani ta yanke. Na goge wurin da samfefa har farin ƙarfe ya fito, na sa sabon kan waya da sabon sukuru, na rufe da giris, sannan na kankare koren dattin da ke kan haƙoran fulogin da ke shiga bayan mota.

Batirin cikin tirelar kuma yakan mutu idan ta yi mako biyu ko uku a ajiye, alhali na kashe komai. Na cire wayar negetib, na sa mita a tsakaninta da kan batirin a ma'aunin amfiya, sai ta nuna ana jan kusan 0.2 ba dare ba rana. Adadin yana da kamar ƙanƙanta, amma a awa 24 ya zama amfiya-awa 4.8, a kwana goma ya zama 48, wato kusan rabin batir mai amfiya-awa 100, kuma batirin dalma ba ya son a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi. Na riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya ina kallon mitar, har na gano rediyo ce da na'urar jin warin gas suke sha a ɓoye. Maganin shi ne makunni guda da ke raba batirin da komai idan an ajiye tirelar, da sharaɗin a mayar da shi duk lokacin da mutum zai kwana a ciki ko za a hau hanya. Tsohon batirin bai tsira ba. Lafiyayyen batirin dalma da ya cika ya huta yakan tsaya a wajen bolt 12.6 zuwa 12.7, idan ya kai 12.2 ya yi rabi, nawa kuwa ko an cika shi da yamma, da safe 12.1 yake nunawa.

Ƙafafun su ne abin da ya fi ba ni tsoro da na fahimci halin da suke ciki. A wata gajeriyar tafiya ta gwaji, bayan kilomita 30 na tsaya na kai bayan hannuna kusa da cibiyar kowace ƙafa, ta dama ɗumi kawai take da shi, ta hagu kuwa ba ta taɓuwa. Da na dawo na tokare ɗaya ƙafar da duwatsu gaba da baya, na ɗaga tirelar ta ƙarfen gindi, na sa mata ƙafafun ƙarfe na tsayawa, domin ba a shiga aiki a ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi. Da na juya tayar sai na ji gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, da na kama ta sama da ƙasa na girgiza kuma sai ta yi ƙwas-ƙwas. Na cire murfin cibiyar, da fil, da noti, da wosha, na zaro boris ɗin waje. Giris ɗin ya koma ruwan ƙasa ya tsinke saboda ruwan da ya shiga, ƙananan sandunan boris ɗin sun yi ramuka, wasu sun yi shuɗi-shuɗi, alamar sun sha zafi ƙwarai. Boris da ya kai wannan hali yana iya ƙagewa a kan hanya ko ya tarwatse ƙafar ta fice.

Na kwafi lambobin da ke jikin boris ɗin na sayo irinsu, na kuma kai cibiyar wurin wani dattijon bakanike ya fitar mini da zoben da boris ke birgima a kai, domin tare ake canza su, tsohon zobe yana cinye sabon boris. Ina kallo ya ɗebo giris a tafin hannu, ya riƙa danna faffaɗan gefen boris ɗin a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya zagaye shi duka. Na ce, "Baba, notin nan da ƙarfi nawa ake ɗaure shi?" Ya ce, "Ɗana, wannan ba notin wili ba ne. Ka ɗaure da sifana kana juya ƙafar don boris ya zauna, sannan ka sassauta gaba ɗaya ba tare da ƙafar ta motsa ba, ka mayar da yatsu kawai, ka ɗan ja baya zuwa tsagar da fil zai shiga." Ya ƙara gargaɗina da in wanke tsohon giris sarai kafin in sa sabo, saboda ba kowane iri biyu ne suke haɗuwa ba, wasu idan sun gauraya sai su tsinke su zube, kuma kada in mayar da tsohon fil ko tsohuwar robar da ke tare giris. Haka na yi wa ƙafa ta biyu da hannuna a gida. Masu ƙera irin wannan aksil, wato sandar ƙarfen da ƙafafun biyu ke juyawa a kanta, sukan ce a sabunta giris duk wata 12 ko mil 12,000, wato wajen kilomita 19,000, duk wanda ya riga zuwa, kuma tirelar zango kusan kullum watannin ne ke riga, domin zama ta fi yi a kan tafiya.

Lalacewar robar nan ta bar giris ya malala cikin daram ya jiƙa lainin birkin hagu, don haka na canza na ƙafafun biyu tare don kada birkin ya riƙa fizgar tirelar gefe guda. Birkin nata na lantarki ne, maganaɗisu ne a cikin kowane daram yake kamawa idan wuta ta zo daga mota, kuma da na auna kowannensu da mita a ma'aunin om, wanda ke nuna yadda abu ke tare wucewar wuta, ya nuna tsakanin 3 da 4, wanda shi ne daidai. Na saita su ta ramin baya, na matse har ƙafar ta ƙi juyawa, na sassauta har ta koma juyawa da ɗan gogayya kaɗan. Na kuma zare fil ɗin birkin gaggawa, wanda siririyar waya ke fizgewa idan tirela ta rabu da mota, na tabbatar ƙafafun sun kulle, na mayar da shi nan da nan don kada maganaɗisun su yi zafi. Wannan birki daga batirin tirelar yake samun wuta, shi ya sa makunnin da na ambata ba ya zama a kashe a kan hanya.

Tayoyin kuwa zanensu bai ci ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya yaudare ni da farko. A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da ke farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, tsarin da ake bi tun shekarar 2000. Nawa 2315 aka rubuta, wato mako na 23 na shekarar 2015, kuma da na duba da kyau gefensu ya cika da ƙananan tsage-tsage na rana da zama wuri ɗaya. Tayar tirela tsufa ne ke kashe ta kafin hanya ta cinye ta, kuma shawarar da aka fi bayarwa ita ce a canza bayan shekara biyar zuwa shida. Na canza duka har da safaya, na ɗaure notocin a gicciye, na sake bin su da sifana bayan kilomita 50 na farko, iskar kuma da safe nake aunawa kafin tayar ta ɗauki zafi.

Saura abu ɗaya da ya bayyana ranar da na loda kaya na hau babbar hanya. Da gudun ya kai kilomita 80 a awa, wata babbar mota ta wuce ni, sai bayan tirelar ya fara kaɗawa hagu da dama yana jan motar. Na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe, ban taka birkin mota ba, na danna na tirelar kaɗai da hannu har ta miƙe. Na zaci wani abu ne ya kwance a ƙafafun da na gyara, amma da na duba komai yana nan daram. Lodin ne ba daidai ba, domin na tara kaya masu nauyi a can baya don in sauƙaƙa wa motar. Tirelar da kayanta kilo 1,100 ce a kan sikeli, da na ɗora wuyanta a kan sikelin awon mutum da guntun katako a tsaye, kilo 45 kacal ya nuna. Ga irin wannan tirela ana so nauyin da ke sauka a kan ƙwallon ya kai wajen kashi 10 cikin ɗari na dukkan nauyinta, matuƙar bai wuce iyakar da mai ƙera motar ya rubuta ba. Na dawo da kayan nauyi ƙasa a kan aksil da ɗan gaba da shi har sikelin ya kai kilo 110, kuma a hanyar dawowa manyan motoci da yawa sun wuce ni ba ta kaɗa ba.

Yanzu akwai ƙaramin littafi a aljihun ƙofar tirelar, a cikinsa nake rubuta ranar da na sa giris, da awon batir, da zanen nan na danshi wanda nake sabuntawa sau biyu a shekara bayan na hau rufin na bi kowane layin liƙi da yatsa. Babban ruwan farko da aka yi bayan gyaran ya kwana yana zuba, da gari ya waye na shiga da na'urar. Bakin ƙofa ya nuna 13, sandar silin 12, gindin tagar rufi 12. A kusurwar baya ta dama, ƙarƙashin ƙaramar fitilar gefe, awon ya nuna 18, kuma da na kwance sukuru ɗaya daga jikin fitilar ya fito da jan baki. Na rufe wurin da tampol, na ajiye ragowar tef ɗin butil a kan gado, ina jiran rana ta fito bangon ya bushe in ɗage fitilar.